Dannawa Ta Biyu

Duk wata mai hankali a unguwar Magajin Gari, in yayanta ya kulle kansa a ɗaki ya daina magana, gwangwani za ta ɗaura wa igiya ta zura masa ɗaya bakin ta taga. Bushira Muttaka kuwa kibod ta zura masa. Ba laifinta ba ne. Ta yi karatun kwamfuta a Kaduna, kuma tun da ta dawo ta buɗe shago a zauren gidansu, ko ciwon kai aka kawo mata ƙara sai ta fara tunanin irin kod ɗin da zai magance shi.

Yayan nata, Gambo, a gona aka ɗauke shi can wajen Kakangi, shi da maƙwabcinsa na gona, wani mutumin Gbagyi mai suna Isaiah. Da damina ne. Aka yi abin da aka saba yi, aka kai abin da aka ce a kai, bayan girbi aka tsinci Gambo a bakin titin Funtuwa da tabon sarƙa a idon sawu. Isaiah bai fito ba.

Gambon da ya dawo ba ya magana. Likita ya duba harshe, ya duba maƙogwaro, ya ce lafiyarsu ƙalau, a dai bar shi ya huta. Shi kuwa ya wuce kai tsaye ɗakin marigayi babansu da ke ƙuryar gida, mai ɗan bayi a bayansa, ya danna sakata. Abinci ta taga ake ajiye masa, kuma ba ya ɗauka sai in babu ido a wurin. Mahaifiyarsu, Inna Furera, ta yi haƙuri iya haƙurinta, sannan wata Juma'a ta tara maƙwabta aka ɓalle ƙofar don a yi masa addu'a. Da ya ga mutane tsaye a kansa sai ya buɗe baki kamar zai yi ihu, ba abin da ya fito, ya ratsa ta tsakiyarsu ya fice. Sai gab da magariba 'yan sa-kai suka same shi ya miƙi hanyar dajin Kamuku ba takalmi, yana tafiya kamar wanda aka aika. Da ƙyar aka juyo da shi, aka gyara ƙofar, ya sake kulle kansa. Tun daga ranar kowa ya gane dokar gidan: wanda ya taɓa ƙofar nan, shi ya mayar da Gambo daji.

To amma ƙofar da ba a buɗewa ba ta gaya wa kowa komai. Inna ga hawan jini, ga ido ya yi rauni, ta koma wuni a gindin ƙofa tana kiran sunansa, shiru yana amsa mata. Ba ta neman hira, ba ta neman labarin daji. So take kawai ta san ɗanta yana numfashi a ciki. Bushira ta ga uwar tasu na ramewa a kan tabarma, shi ne ta ɗauko wani tsohon kibod, ta haɗa masa doguwar waya, ta sa aka huda bango aka ja wayar har zaure. Ta tsaya a taga ta yi wa duhun ɗakin bayani cewa in Inna ta kira, ya danna dogon maɓallin nan na ƙasa, shi ke nan, ba wanda zai shigo masa.

Mai jin labari zai ɗauka abu ne mai sauƙi a sa kwamfuta ta gane an danna maɓalli. Bushira ma haka ta ɗauka, kuma ta sha wuya daidai gwargwado. Shirin da ta fara rubutawa ba ya jin komai sai an bi bayan dannawar da maɓallin shigarwa, kuma mutumin da ko sunansa ba ya amsawa ba za a ce ya danna biyu daban-daban ba. Ta sake wani. Shi kuma wannan yana ji, amma da zarar ta buɗe wani aikin a kwamfutar sai ya kurmance, duk abin da aka danna daga ƙuryar gida ya zube cikin aikin makarantar wata ɗaliba. Sabis kuwa a lokacin yana zuwa yana ɗaukewa, balle ta tambayi masana na duniya. A ƙarshe ta ware wata tsohuwar laftof ta jona ta da batirin sola, ta rubuta shirin yadda zai riƙe kibod ɗin Gambo shi kaɗai, kada ko ɗigo ya tsallake zuwa wani wuri. Ƙadangare ya bi ta kan kibod ɗin wata rana ya tayar wa mutane hankali, sai ta ƙara sharaɗi cewa dogon maɓallin ne kawai abin saurare. Ta rataye 'yar sifika a jikin bishiyar gwandar tsakar gida, yadda duk dannawa za ta yi ƙara ɗaya, ƙit.

An yi kwanaki sifikar nan tana rataye kamar ado. Sai wata safiya Inna ta kira kamar kullum, ba tare da ta sa rai ba, ta ce, "Gambo, kana nan?"

Ƙit, ƙit.

Inna ta dafe ƙirji ta zauna daɓas, ta yi kuka mai isarta. Bushira ma da ke jin kanta a matsayin mai taurin zuciya sai da ta shige bayan injin fotokwafi ta share hawaye. Daga ranar gidan ya dawo gida. Inna ta koma cin abinci, ta koma faɗa da kaji. Takan kira da safe, ta kira bayan azahar, ta kira duk lokacin da zuciyarta ta motsa, kuma kullum gwandar na amsawa.

Abin da ya hana Bushira sakat shi ne amsar sau biyu take zuwa. Kira ɗaya, ƙara biyu, a manne da juna. Inna ko a jikinta, in ma goma ce murna za ta yi. Amma Bushira irin mutanen nan ce da ba sa iya wuce hoton da ya karkace a bangon wani ba su daidaita shi ba. Ta kuma san kibod ɗin, ba banza ta cire shi daga shago ba: in sanyin damina ya shige shi, harafi ɗaya za ka danna ya ba ka biyu, don ƙarfen da ke ƙarƙashin maɓalli yakan yi tsalle kafin ya zauna. Cuta ce sananniya, maganinta ma sananne. Ta ƙara 'yan layuka a shirin, ta ce masa in ya ji dannawa ya yi ƙara, sannan ya toshe kunne na ɗan lokaci, duk abin da ya biyo baya a wannan tsakanin ya haɗiye shi. Ta gwada da la'asar. Inna ta kira, gwanda ta ce ƙit, sau ɗaya tak, tsaf. Bushira ta ji daɗin kanta ƙwarai, har ta saya wa kanta tsire.

Shi ma Gambo yana jin sifikar daga ɗakinsa, don tagar tana kallon gwandar. Wannan bai zo wa Bushira a rai ba.

A kwanakin da suka biyo baya abubuwa suka fara canzawa a hankali, yadda ba ka iya nuna ranar da suka fara. Kwanon abinci ya riƙa dawowa da rabi. Aka fara jin takun ƙafa a ɗakin, daga bango zuwa bango, wuni guda. Wani lokaci ba wanda ya kira sai a ji ƙit, a ɗan yi shiru, a sake jin ƙit, kamar mai gwada ƙofar da ta ƙi buɗewa. Sau ɗaya Bushira ta zo ɗaukar kwano ta hangi idanunsa ta tsagar taga. Ba ita yake kallo ba, sifikar yake kallo. Ta ce wa kanta ai mai jinya dole wata rana sama wata rana ƙasa, ta koma shago.

Ranar da abin ya faru, damina ta sake zagayowa, masara ta kai kafaɗa a gonakin bayan gari. An kwana ana ruwa, gari ya waye da laima da wani irin hadari mai nauyi da ya ƙi zuba ya ƙi tafiya. Tun da hantsi gwanda ta fara ƙara ba tare da an kira ba. Ƙit. Shiru. Ƙit. Shiru. Ba ta tsaya ba. Inna ta jawo tabarma kusa, ta ɗora faifan wake a cinya tana tsinta, tana amsa kowace ƙara da na'am. Ta aika a gaya wa Bushira cewa yau yayanta surutu yake ji, in sha Allahu bakin ya kusa buɗewa. Bushira na fama da ɗaliban da suka cika zaure suna son a buga musu sakamako, ta ce Allah ya sa. Wani abu dai yana damunta game da ƙarar, kamar ƙwayar tsakuwa a cikin takalmi, amma ba ta sami sararin tsayawa ta duba ba.

Wajen azahar, da zaure ya yi sauƙi, Gloria ta shigo. Matar Isaiah ce, doguwa, mai ƙarancin magana, kuma takan zo duk bayan 'yan makonni ta gaida Inna, ta zauna ta kalli ƙofar Gambo, ta tashi ta tafi. Ba ta taɓa roƙon komai ba. Yau kuwa ko zama ba ta yi ba. Ta ce an sako wani mutumin ƙauyensu wanda ya zauna a sansani ɗaya da su, ta je ta same shi jiya, ya ba ta labari.

A sansanin, in ji mutumin, biyu-biyu ake ɗaure mutane a sarƙa ɗaya, kuma an hana kowa buɗe baki. Wanda aka ji muryarsa ya san sauran. Safe da yamma mai gadi zai tsaya daga waje ya kira, kowane mutum ya buga sarƙa a kan dutse sau ɗaya, ta haka ake sanin kowa na nan. Sarƙar da ta ba da bugu ɗaya maimakon biyu, shiga ake yi a kwance wanda bai buga ba a tafi da shi, don ba sa ciyar da wanda ba zai iya tafiya ba. Gambo da Isaiah sarƙarsu ɗaya. Zazzaɓi ya kwantar da Isaiah har ba ya iya ɗaga hannu, sai Gambo ya riƙa bugawa sau biyu, ɗaya nasa ɗaya na Isaiah, ya daɗe yana haka ba a gane ba. Har ranar da aka kwance Gambo aka fito da shi. Abin da ya faru a kira na gaba mutumin bai sani ba, an riga an mayar da shi wani wuri.

"Don Allah, Bushira," in ji Gloria, "ki tambaye shi da na'urar taki. In ya bar shi da rai, ya danna. Ni ba na son komai, wannan kawai."

Bushira ta tuna da amsar da gwanda ke bayarwa. Sau biyu. Kira ɗaya, amsa biyu, kullum, ba kuskure ko sau ɗaya. Wane irin ƙarfe ne mai tsalle da zai riƙa yin tsalle daidai wa daida kamar mai ƙidaya? Gambo yana zaune cikin duhu yana amsa wa mutum biyu, ita kuma ta zauna da iliminta ta koya wa kwamfuta ta haɗiye na biyun. Ya danna wa Isaiah, gwanda ta yi shiru. Ya sake dannawa gobe, ta sake yin shiru. Makonni ke nan ana gaya masa a gidan ubansa cewa sarƙarsa mutum ɗaya ta rage.

Ta ce wa Gloria, "Maman Joshua, ki ɗan jira ni." Ta jawo tsohuwar laftof ɗin. Niyyarta ta cire layukan nan yanzu-yanzu, Gambo ya ji amsarsa ta dawo cikakkiya. Ta tsayar da shirin, gwanda ta yi tsit. Ta buɗe kod ɗin.

Ba ta taɓa komai ba, amma ɗan layin nan mai ƙiftawa inda ake rubutu ya fara gudu da kansa. Ya tura rubutunta gefe, ya bar fili fari a bayansa, ya kai ƙarshen layi ya ci gaba, yana ta zuba babu-komai cikin shafin da saurin da ba yatsan ɗan Adam da zai iya. Gloria ta matso ta leƙa, ta ja da baya ta ambaci sunan Yesu a hankali.

Bushira ta san abin da take gani, kuma saninsa ya fi rashin saninsa ban tsoro. In aka danne maɓalli ba a ɗaga ba, kwamfuta da kanta take maimaita shi, ba iyaka. Shirinta kuma dannawa kawai ta koya masa ya saurara, ba ta taɓa koya masa ya lura ko an ɗaga yatsa ba, don ba ta ga amfanin hakan ba. Toshe kunnen da ta ƙara masa shi ya riƙa yanka wannan dogon dannin gunduwa-gunduwa, yana fitar da ƙara ɗaya bayan kowane ɗan shiru. Abin da ya dame ta tun safe ke nan: tazarar ba ta taɓa canzawa ba. Mai rai yakan gaji, yakan yi tari, yakan sosa kai. Tun hantsi wani abu mai nauyi ke kwance a kan maɓallin nan, bai motsa ba.

Daga tsakar gida muryar Inna ta taso, tana tambayar me ya sa ya yi shiru. Bushira ta ɗaga murya ta ce batir ne, yanzu zai dawo. Ta rufe kod ɗin ba ta adana komai ba, ta sake kunna shirin yadda yake. Ƙit. Ta ji Inna ta sauke ajiyar zuciya ta ce yawwa.

Yanzu sai ƙofa. In faɗuwa ya yi a kan kibod ɗin, duk ɗan jinkiri na iya zama ajalinsa. In kuwa barci ne ya ɗauke shi da hannu a kai, ta faɗa masa ɗaki, to ita ce ta kore shi daji da hannunta, kuma ba kullum 'yan sa-kai ke dacewa ba. Ta tsaya a tsakiyar zaure, ta rasa wanne ne ƙaramin tsoro a cikin biyun. Gloria ce ta kama hannunta ta ce su zagaya ta baya, ba sai an ɓalle komai ba, su leƙa ta katangar bayi tukuna.

Suka fita ta titi suka bi lungu. Taɓo na kama musu takalma, sama ta yi baƙi ƙirin ta wajen yamma, kuma duk inda suka taka ƙarar na biye da su ta saman katanga, ƙit, ƙit, a natse, ba gaggawa. Katangar bayin ba ta da tsawo. Gloria ta durƙusa, Bushira ta taka bayanta ta leƙa. Ƙofar baya ta ɗakin a buɗe take. A jikin katangar daga ciki akwai inda ƙafa ta goge gansakuka, sabo, bai ko bushe ba.

Ta dira ciki. Ta tsaya a bakin ƙofar ta ce, "Yaya, ni ce Bushira. Ni kaɗai ce." Ta jira. Sannan ta shiga.

Ɗakin na warin rufi da jiƙaƙƙen bango. An naɗe tabarma an jingine ta, an wanke kwanon jiya an kife, sakatar ƙofar gaba na nan a danne. Ba kowa. Kibod ɗin na ajiye a ƙasa a gindin taga, an share masa wuri tsaf, kuma a kan dogon maɓallin an ɗora ɗan dutsen niƙa. Ya naɗe dutsen a cikin hularsa kafin ya ɗora, don kada ya fasa mata kaya.

Wannan hular ce ta karya mata zuciya. Ta durƙusa a gaban kibod ɗin tana kuka ba sauti. Daga waje Gloria ta kira sunanta ƙasa-ƙasa, ta ce ga sawu nan a taɓo, ba takalmi, ya shiga cikin masara ya yi wajen daji, kuma ruwa ya riga ya fara taruwa a cikin sawun. Ta ce za ta ruga ta kira 'yan sa-kai. Muryarta ta yi wani iri da ta ƙara da cewa, "Wurin mijina ya tafi, ko?"

Bushira ta miƙa hannu za ta ɗauke dutsen. Yatsunta sun taɓa hular ke nan sai ta ji muryar Inna, kusa ƙwarai, ƙofa ce kawai a tsakaninsu. Ta taso daga gindin gwanda ta dawo bakin ɗakin da faifanta, tana zuba wake a kwano tana hira. Tana gaya masa an kusa sauke tuwo, yau miyar kuɓewa ce ɗanya, irin wadda yake so. Ƙit. Ta ce ai ta san yana jin ta. Ƙit. Ta ce, "Na'am, ɗana. Allah ya yi maka albarka, yau ka faranta min."

Bushira ta janye hannunta a hankali. Ta gyara wa dutsen zama don kada ya zame, ta tashi a kan yatsun ƙafa, ta fita ta ƙofar baya. Ruwa ya fara sauka lokacin da take haura katangar.